Wuya tana ƙara wa mutum ƙarfi ne, ko ƙarar da shi take yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur ɗin janareta ya cinye ribata, har na sayar da kekuna biyu cikin uku. A shekarar mahaifina ya rasu, ƙannena huɗu suka dawo wuyana. Kowa sai ya ce min wuya ba ta kisa, ƙarfi take ƙara wa namiji. Ni kuwa ban ga ƙarfin ba, barci ma ya ƙaurace min. Gaskiya suke faɗa, ko ni ne rago?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Rago ba ya riƙe mutum huɗu da keke ɗaya, saboda haka ka ajiye wannan tuhumar tukuna.

Masu yi maka nasiha sun faɗi rabin gaskiya. Dubi tafin hannun manomi a Shika ko Giwa. Kantar da ke hannunsa fartanya ce ta yi ta, amma a hankali: yau ya yi noma, ya kwana, fata ta farfaɗo, gobe ya koma. Ɗauko ɗan makarantar da bai saba ba, ka ba shi fartanyar daga hantsi har la'asar, bororo za ka gani, ya fashe ya zama gyambo. Fartanyar ɗaya ce. Yawan aikin da hutun da ke tsakani ne suka bambanta. Kai kuwa hannu ɗaya aka ɗora wa karayar jari da rasuwa da ɗawainiya, babu sararin numfashi.

Ilimin halayyar ɗan Adam ma nan ya tsaya. A 2010 Mark Seery da abokan aikinsa suka fitar da binciken da suka yi kan mutum fiye da dubu biyu a Amurka. Waɗanda suka ɗan sha wuya a rayuwa sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba natsuwa, amma sun kuma fi waɗanda masifu suka yi wa rubdugu. Tun kafin nan, wajen 1995, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun sun bayyana irin ci gaban da wasu kan samu bayan tashin hankali: sanin darajar rayuwa, ƙarin kusanci da mutane, ganin wata sabuwar hanya, zurfin imani, da yarda cewa "tun da na tsallake waccan, zan iya da wannan". Sai dai su da kansu sun ce fafutukar da mutum ke yi da abin da ya same shi ce ke haifar da wannan, kuma yakan zo ne tare da raɗaɗin, ba wai sai ya gushe ba. Ni nakan yi taka-tsantsan ma da masu saurin cewa sun ƙaru. Wani lallashin kansa kawai yake yi.

Binciken da na fi so shi ne na Emmy Werner, wadda ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har suka kai shekara 40. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau. Abin da ya yawaita a labarinsu shi ne wani babba guda da ya riƙe su: kaka, goggo, malami ko maƙwabci. To a nan ne nake jin tsoron kalmar "namiji" da ake jefa maka. Tana sa mutum ya rufe bakinsa daidai lokacin da ya fi bukatar wanda zai faɗa wa. Haƙuri ba shiru ba ne.

Wa kake da shi? Kawu, aminin Baba, limamin unguwa, ko ubangidanka da ya koya maka ɗinki. Zaɓi ɗaya ka zauna da shi, da takarda a hannu: kuɗin makarantar ƙanne nawa, abinci nawa, keken da ya rage nawa yake kawowa a mako. Damuwar da ke yawo a ka da tsakar dare takan ragu idan ta koma lissafi, kuma sai dangi sun ga adadi suke sanin inda za su sa hannu. Babban ƙaninka ma ya isa ya riƙa yin kalmasa da guga.

Maganar barci kuwa kada ka yi wasa da ita. Idan ta wuce mako biyu, ga rashin cin abinci, ga ƙin shiga mutane, ko ka fara jin gara ma ka mutu, wannan ciwo ne kuma yana da magani. Ka je asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ka nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ka tafi da wanda ka zaɓa ɗin. Kada ka sayi maganin barci a kemis.