Ƙanena Ya Ce In Kawo Jari Maiduguri, Gari Ya Lafa

Tambayar wannan karon daga wani ɗan kasuwa ce mazaunin Aboabo a Kumasi, haifaffen unguwar Hausari a Maiduguri. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Malam, na baro gida a 2012 da rikici ya yi tsanani. Yanzu ina sayar da kayan gyaran babur a wajen Suame, Allah ya rufa asiri. Ƙanena ya dame ni da waya, wai gari ya lafa, gwamnati na kiran 'yan kasuwa su dawo da jari, har ya samo mini fili mai araha a bakin gari. So yake in karyar da kayan shagona in turo kuɗin, ya sayi filin ya gina shaguna. Hajiyarmu ma ta sa baki. Na rasa yadda zan yi."

Alhaji, Allah ya ƙara rufin asiri, ya ja da ran Hajiya. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba. Garin da ake sake ginawa gari ne mai ƙishirwar kaya: kwano, siminti, injin niƙa, farantin sola, famfon rijiya. Gwamna Zulum ya rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri, ana ta mayar da mutane garuruwansu, kuma duk wanda ya koma sai ya yi rufi ya sa ƙofa. Gwamnati na iya gina makaranta da titi, amma ba ita za ta buɗe shagon ƙusa ba. Shi ya sa take kiran irinku. Sai dai kira daban, lamuni daban. In kayanka suka salwanta, ba wanda ya sa hannu cewa zai biya ka.

Kuma ba bindiga kaɗai ke cin jari a can ba. A watan Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke shigowa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, masu walda da masu ƙanƙara suka koma kan janareta, kafin a buɗe tashar iskar gas mai megawat 50 a 2023. A watan Fabrairun 2023 ɗin Kasuwar Monday ta ƙone. Da aka gyara ta aka koma, sai madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shiga kasuwar, ya shiga Gwange, ya shiga har fadar Shehu. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a rumfa ɗaya ya tashi da hannu biyu sau biyu cikin shekara biyu. Tsaron ma a cikin birni ne ya fi zama, don a 2025 gwamnan da bakinsa ya koka cewa hare-hare na dawowa a wasu ƙananan hukumomi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne filin nan. Araharsa ce ta sa na ɗaga gira. Inda yaƙi ya ratsa, fili ne abu na farko da ke rikicewa: mai shi ya gudu ko ya rasu, magada sun warwatsu, wani na Kano wani na Difa, bulama ya sayar wa wani, ɗan'uwan mamaci ya sayar wa wani. Sai ka zuba tubali ka kai linta, sannan mutum ya ɓullo da takarda tun ta zamanin kakansa. Na taɓa zama da wani dattijo a nan Asawase ya zaro mini rasit daga aljihun jamfa, rabin fallen littafin makaranta, da sa hannun shaidu biyu, ɗaya ya rasu ɗaya ba a san inda yake ba. Shekararsa huɗu yana aika kuɗin lauya. A dokar Najeriya ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, cinikin fili mai takardar mallaka ba ya cika sai da amincewarsa. A Borno hukumar BOGIS ke riƙe da rajistar filaye. In ba a je can an bincika lambar filin an ga sunan mai sayarwa ba, cinikin biri a sama ake yi. In an bincika ya fita fes, takarda ta fito da sunanka, ba sunan ƙanenka ba, komai amanarsa. Rai ba a hannunmu yake ba, kuma ranar rabon gado alƙali takarda yake karantawa.

Ni da ni ne, ba zan fara da gini ba. Zan ware abin da in ya tafi ba zai hana yarana zuwa makaranta ba, in sa shi a kayan da ake ƙirgawa ana juyawa. Ka fi ni sanin cewa tun 2011 aka hana babur a Maiduguri, Keke Napep ce ta maye gurbinsa, to sana'arka ta Suame sai ta sauya riga: taya, kulochi, birki, man inji na keke. Ƙaramin shago na haya, wata shida, ka ga yadda littafin ƙanenka yake. Ka yi wa kasuwancin rajista da hukumar CAC, ta intanet ake yi, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya na iya buɗe kamfani shi kaɗai. Za a nemi lambar NIN, banki kuma zai nemi BVN. Asusun ya zama na kasuwanci, saƙon shiga da fitar kuɗi yana faɗowa a wayarka a nan Kumasi.

Tsakaninka da ƙanenka kuwa, ku rubuta. Ƙiradi ne: naka kuɗi, nasa wahala, riba kashi kaza, in an yi asara ba da sakacinsa ba, to ta hau kan jari. Kada kunya ta hana ka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuma ku raba kuɗin cefanen Hajiya da kuɗin shago tun ranar farko, don a nan ne jarin 'yan ci-rani ya fi zurarewa, yau suna, gobe asibiti, ba wanda ya yi sata amma shago ya zama kango. Lissafin riba ma ka riƙa auna shi da kayan da kuɗin zai sake saya. Naira da ke wajen 460 a dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, sidi ma ka ga abin da ta yi mana a 2022.

Shagon Suame dai kada ka taɓa shi, kada ka saki reshe ka kama ganye. Na san ƙafarka a nan ma ba a kan dutse take ba: dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya ɗai-ɗai a kasuwa, kuma ka ga yadda aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020. Tsofaffin Zango har yau suna ba da labarin korar baƙi ta 1969 a zamanin Busiya. Wannan dalili ne na ka fara kafa wani abu a gida a hankali, kuma dalili ne na ka sabunta izinin zamanka da katin Gana na baƙi kafin ka taka mota, kada su mutu kana can.

Sannan ka je da ƙafarka. Ka yi sati biyu, ka gaida Hajiya, ka gaya mata ba ƙin maganarta ka yi ba, farawa za ka yi da kaɗan. Filin kuma kada ka je shi da mai sayarwa. Ka je da la'asar kai kaɗai, ka zauna wajen mai shayin da ya fi kusa, ka tambaye shi na wane ne, kuma ina ruwa ya tsaya a jikin bangon maƙwabta a 2024.