Tambayar Mako: Kumburin wuyan Mama, maƙoƙo ne ko kansa?

TAMBAYA: Salam likita, daga Aboabo nake a nan Kumasi. Dan Allah mamana ce wani ƙullutu ya fito mata a gaban wuya tun bara, baya ciwo sam amma yana girma, yanzu kuma muryarta ta dushe. An auna jini ance lafiya lau, wata maƙwabciya tace maƙoƙo ne mu kira wanzami ya tsaga. Tsoro nake ji kar ace kansa ce.

AMSA: Wa alaikissalam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Maganar wanzami dai a barta gaba ɗaya dan Allah, manyan jijiyoyin jini ne a wajen.

Wajen da ƙullutun ya fito nan tayrod take, wata 'yar tsoka ce a ƙasan zakaran wuya, ita ke fitar da sinadarin dake saita bugun zuciya da zafin jiki. Ki ɗan kwantar da hankali, cikin ƙullutu 10 da ke fitowa a nan wajen 9 ba kansa bane, da yawa maƙoƙo ne na ƙarancin aidin a gishiri. Amma gaskiya muryar nan da ta dushe ita tafi damuna, domin jijiyar murya ta bayan tayrod ɗin take wucewa, in abu ya danne ta sai murya ta canza. Haka in ƙullutun yayi tauri ko abinci na maƙalewa ko numfashi na wahala in ta kwanta, ko kaluluwa ta fito a gefen wuya, toh ba'a jira. Rashin ciwo kuma kar ya ruɗe ku, kansar tayrod yawanci shiru take farawa kuma mata tafi kamawa, kusan ninki 3 akan maza.

Gwajin jinin aikin tayrod kawai yake nunawa, mai kansa ma sai nashi ya fito daidai. Ku kaita Asibitin Komfo Anokye da katin inshorar lafiyarta na NHIS ayi mata sikanin na wuya, in sunga alama za su sa siririyar allura su ɗebo kaɗan a duba, wannan ne zai raba gardama.

Ko da ace kansar ce, irin wadda akafi samu, wato papilari, a hankali take tafiya kuma tana jin magani sosai, tiyata ce, wani lokaci a ƙara da maganin aidin na musamman, sai ƙwayar levothyroxine mai maye gurbin sinadarin tayrod kullum da safe. Ki raka ta cikin satin nan, kuma ki gaya musu in akwai wani a dangi da ya taɓa irin wannan.