Ɗan Ƙaramin Faifai da Waƙoƙin Aro

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya aiko mini da wani ɗan ƙaramin faifai na wasu matasan mawaƙa masu salon da ake kira power pop. Waƙoƙi huɗu ne a ciki, biyu nasu ne, biyu kuma an rubuta sunayen wasu mutane daban a ƙarƙashinsu. Shin wannan ba satar fasaha ba ce? Sannan ko zan iya ɗora shi a kan tsohon garmahon mahaifinmu wanda ake murɗawa da hannu? Daga wani mai karatu a Argungu, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce ta gaggawa: kada ka ɗora shi. An ƙera irin wancan garmahon ne domin tsofaffin fayafayai masu kauri da saurin fashewa, waɗanda ke juyawa sau 78 a minti ɗaya, allurarsa kuma ta ƙarfe ce mai nauyi, wadda za ta kankare siraran layukan faifanka na roba tun a juyin farko. Irin naka mai faɗin inci 7 kamfanin RCA Victor na Amurka ne ya fito da shi a 1949, yana juyawa sau 45 a minti. Duba takardar da ke manne a tsakiyarsa, domin idan waƙoƙin suna da tsawo akan yanka shi a kan 33 da sulusi don su sami wuri. Na'ura mai lantarki kake bukata.

Batun sata kuwa, amsarka tana cikin tambayarka. Ɓarawo ba ya rubuta sunan mai kaya a jikin kayan. Sunayen da ka gani na waɗanda suka tsara waƙoƙin ne, kuma ƙa'ida a can ita ce wanda ya sake rera waƙar wani ya buga ta don sayarwa, sai ya nemi lasisi, a riƙa biyan mai ita wani kaso a kan kowane faifai. Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda bayan rasuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo a 1991 'ya'yansa sun ci gaba da rera waƙoƙinsa, ba wanda ya kira su ɓarayi, saboda kowa ya san mai su.

Shi wannan salo na power pop, Pete Townshend na ƙungiyar mawaƙan Ingila mai suna The Who ne ya fara furta sunansa a 1967, sannan ƙungiyoyi irin su Badfinger da Raspberries da Big Star suka raine shi a farkon shekarun 1970. Waƙa ce gajera, wajen minti uku, da jita mai ƙara, da amshi mai saurin kama kunne wanda murya biyu ko uku ke ɗauka tare. Salo ne mai tunƙaho da magabatansa, shi ya sa matasa kan sa waƙar aro don su nuna gidan da suka yi koyo. Ni dai ina ganin akwai ƙarfin hali a ciki, domin wanda ya ajiye waƙarsa kusa da ta gwani ya ba mai sauraro ma'aunin da zai auna shi da shi. Idan ka sami na'urar, fara da na aron, sannan ka koma nasu, ka ji ko amshinsu zai zauna maka a ka.

Kafin nan, ka lura da zafinmu na Maris da Afrilu, wanda ke lanƙwasa roba. Ajiye faifan a tsaye cikin kwalinsa, nesa da taga da rufin kwano, ka kuma riƙe shi ta gefe, saboda ƙurar hunturu da maiƙon yatsa ne ke haddasa ƙarar nan ta ƙas-ƙas.