Iska a Sama, Ƙara a Ƙarƙashin Ruwan Bakin Teku

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin kimiyyar teku a Legas. Mun saka na'urar ɗaukar sauti cikin ruwa a wurare biyu kusa da gaɓa, kowanne zurfinsa bai wuce mita 20 ba. Duk ranar da iska ta taso sai mu ga ƙarar da ke cikin ruwan ta ƙaru, ko da babu jirgi ko ɗaya a kusa. Ta yaya iskar da ke kaɗawa a sama take kai wa har ƙarƙashin ruwa? Kuma me ya sa wuri ɗaya ya fi ɗayan ƙara, alhali iska ɗaya ce ta same su?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Iskar kanta ba ta shiga ruwan. Sautin da ke tafe a sama idan ya iso fuskar ruwa, kusan dukkansa komawa yake yi inda ya fito, abin da ke ratsawa ƙasa kusan kashi ɗaya cikin dubu ne kawai. Don haka hugin da ke cika maka kunne kana zaune a kwale-kwale, ba shi ne na'urarku ta ɗauka ba. Abin da ta ɗauka kumfa ce.

Ga yadda abin yake. Iska tana tura fuskar ruwa, igiyoyi su tashi, su yi ta tsini har kan igiyar ya rinjayi gindinta ya kife. A wannan kifewar ruwa yake danne 'yar iska ya shige da ita ciki, ta tsattsage ta zama dubban ƙwayoyin kumfa. Kowace ƙwaya a daidai lokacin da aka haife ta ba ta zauna daidai ba: ta matse, ta kumbura, ta sake matsewa, kafin ta natsu. Wannan 'yar rawar, wadda ba ta wuce ƙiftawar ido ba, ita ce ke fitar da sauti. Tsohuwar kumfa da ta riga ta natsu shiru take yi. Kana iya gwada wannan yau da buta da bokiti. Tsiyaya ruwan a hankali ya bi jikin bokitin, da ƙyar za ka ji komai. Ɗaga butar sama ruwan ya faɗa tsakiya ya shiga da iska, nan take za ka ji ƙara, ka kuma ga kumfa tana tasowa. Wannan ƙarar ce dai a teku, sai dai can fili ne mai faɗin kilomitoci yake yinta a lokaci guda.

Girman ƙwayar ne ke yanke irin muryarta. Marcel Minnaert, haifaffen Beljiyam da ya yi aiki a Utrecht ta ƙasar Holan, shi ya fitar da lissafin a 1933. Ƙwayar da faɗinta ya kai milimita 2 tana bugawa kusan sau 3,300 a sakan guda, wato abin da za ka ga an rubuta 3,300 Hz a allon kwamfutarku. Wadda ta fi ta ƙanƙanta sau goma, muryarta ta fi siranta sau goma. Ƙwayoyi masu girman da zai ba da sauti mai kauri sosai ba su cika samuwa ba, domin ruwa yana farfasa su, amma idan babbar igiya ta kife, gungun kumfar gaba ɗaya yakan yi rawa tare, ya fitar da gurnani mai kauri da ke ƙasa da 500 Hz.

Dangantakar ƙarar da ƙarfin iska an daɗe da auna ta. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ruwan Amurka sun buƙaci sanin yawan hayaniyar da teku ke yi da kanta, domin a cikinta ake neman motsin jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa. Daga wannan aikin Vern Knudsen da abokan aikinsa suka wallafa zanensu a 1948, wanda ya haɗa yawan ƙara da yanayin tashin teku. A 1962 Gordon Wenz ya tattara ma'aunai masu yawa ya fitar da zanen da har yau ake koyarwa da shi. A taƙaice ya nuna cewa jiragen ruwa na nesa su ke da rinjaye a sautuka masu kauri, daga gommai zuwa 'yan ɗaruruwan Hz, sai iska ta karɓe daga wajen 500 Hz har zuwa 50,000 Hz, ƙarfinta yana raguwa da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 5 zuwa 6 duk lokacin da sirantar sautin ta ninka.

Farar kumfa tana fara bayyana jefi-jefi idan gudun iska ya kai mita 3 zuwa 5 a sakan. Daga nan abin ba a hankali yake hawa ba. Iska ta ninka gudu, filin da kumfa ta rufe ya ninka kusan sau goma. Wani mai bincike, Piggott, ya saurari ruwa marar zurfi a gaɓar Nova Scotia ta Kanada, ya wallafa a 1964 cewa duk ninkin gudun iska yana ƙara kusan desibel 7. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka, desibel 7 ninki biyar ne na ƙarfin sauti. Iskar da ta tashi daga mita 5 zuwa 10 a sakan ta ninka hayaniyar da kifi ke zaune a cikinta sau biyar.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi daɗi, kuma a nan ne ruwan gaɓa ya raba hanya da tsakiyar teku.

Tun da kumfar tana dab da fuskar ruwa, yawancin sautinta ƙasa yake nufa. A teku mai zurfin mita 4,000 sai ya yi ta tafiya yana bazuwa, kafin ya kai ƙasa ya dawo ya yi rauni. A ruwan mita 20 kuwa, da yake sauti na gudun kusan mita 1,500 a sakan cikin ruwa, kafin ka ce kwabo ya bugi ƙasa, ya dawo ya bugi sama, ya sake komawa. Abin da zai saura bayan kowane bugu ya danganta ne da irin ƙasar. Kwatanta sabon ɗaki mai daɓen siminti da ba a sa kaya ba, da ɗakin amarya cike da katifa da labule da darduma: magana ɗaya, murya ɗaya, amma a na farko sai ta cika ɗakin, a na biyu kayan su shanye ta. Dutse da tsakuwa da yashi mai tsari suna mayar da sauti. Taɓo da laka mai laushi suna haɗiye shi.

Akwai kuma batun kusurwa. Sautin da ya faɗo wa yashi a tsaye, wani kaso nasa yana nutsewa ciki ya ɓace. Wanda ya zo a kwance-kwance, ƙasa da digiri 25 zuwa 30 a kan yashi, kusan dukkansa yake dawowa, sai ya maƙale tsakanin sama da ƙasa ya yi ta tafiya gaba. Ma'ana, na'urar da ke kan yashi tana jin igiyoyin da ke fashewa a wuri mai nisa ta kowane ɓangare, ita kuwa wadda ke kan taɓo kusan abin da ke bisa kanta kawai take ji. Shi ya sa Wenz ya lura cewa da iska iri ɗaya, ruwa marar zurfi yakan fi mai zurfi ƙara da wajen desibel 5. Wannan matsakaici ne kawai, kuma ban so ɗalibai su riƙa ɗaukar sa kamar doka. Abu na farko da zan so ku yi shi ne ku ɗebo ƙasar wuraren nan biyu ku murza a hannu. Ina kyautata zaton a nan za ku sami babban rabon amsarku.

Zurfin kansa yana tace sauti. Sautin 50 Hz tsawon zangonsa, wato tazarar da ke tsakanin bugu ɗaya da na gaba a cikin ruwa, mita 30 ne, kuma ruwan da bai kai rubu'in wannan tsawon ba, ba zai iya ɗaukar sa zuwa nesa ba ko da ƙasan dutse ne. Idan ƙasan mai laushi ne, zurfin da ake buƙata ya fi haka. Saboda haka gurnanin jiragen nesa yakan mutu kafin ya iso ruwa marar zurfi sosai, sai iska ta zama mai rinjaye har a sautuka masu kauri. A kusa da tashar jiragen ruwa irin ta Apapa a Legas ko Tema a Gana lissafin ya sauya, domin jirgin yana nan kusa, ba ya buƙatar doguwar tafiya.

Sai inda iskar ta fito, wanda yawancin masu farawa ke mantawa su rubuta. Igiya tana buƙatar fili kafin ta girma. Iskar da ta taso daga tudu ta faɗa teku, kamar a kwanakin da hunturu ya kai har bakin ruwa, ba ta samu filin tara manyan igiyoyi kusa da gaɓa ba, sai ƙanana masu tsini da ke yawan fashewa. Iskar damina daga kudu maso yamma ta ratso ruwa mai faɗi kafin ta iso, igiyoyinta daban ne, ƙararsu ma daban. Gudu ɗaya a ma'aunin iska, sauti biyu a cikin ruwa. Idan ɗaya daga wuraren naku yana bayan wani tsibiri ko katangar tare igiya, wannan kaɗai ya isa ya raba su.

Gaɓar da kuke aiki tana da wani abu kuma. Manyan igiyoyin da ke dukan rairayin Legas da Kwatano da Lome yawanci daga guguwar Kudancin Atlantika suke tahowa, tafiyar dubban kilomita. Suna iya fashewa da ƙarfi a ranar da ko ganye ba ya motsi a inda kake, kuma ana jin rugugin fashewarsu cikin ruwa daga nisan kilomitoci. Ita ma ƙarar iska ce, amma iskar da ta kaɗa kwanaki da suka wuce a wata duniya. Ma'aunin iskarku ba zai san da ita ba.

Idan iska ta yi tsanani wani abin mamaki yana faruwa. David Farmer da David Lemon sun nuna a 1984, daga ma'aunin da aka yi a gaɓar yammacin Kanada, cewa idan iska ta kai wani matsayi, siraran sautuka na sama da 10,000 Hz sukan daina ƙaruwa, har su fara raguwa. Dalili shi ne kumfar da ta taru ta zama shimfiɗa a ƙarƙashin fuskar ruwa, tana shanye sautin sabbin ƙwayoyin da ake haifa a samanta. Ruwan da kashi ɗaya cikin ɗari nasa iska ce, gudun sauti a cikinsa yakan faɗo ƙasa da mita 150 a sakan. Don haka in kun ga layin zanen ƙararku ya lanƙwasa ƙasa ranar hadari, kada ku yi saurin cewa na'ura ta lalace.

Ba kowace ƙara da ta zo tare da iska ce ta iska ba, kuma a nan ake yawan tafka kuskure. Yayyafi yana da nasa sauti da ke tsini a wajen 14,000 zuwa 15,000 Hz. Ruwa mai gudu yana gogar jikin na'urar, igiyar da aka ɗaure ta da ita tana karkarwa, sarƙa tana ƙwanƙwasa, duk waɗannan suna shiga faifai alhali babu su a cikin tekun. A inda ƙasan tsakuwa ne, motsin ruwa yana sa su gogi juna su yi ƙara. Sannan ga wani ƙaramin jatan lande mai babban hannu guda, da ke zaune a ruwa mai ɗumi marar zurfi, musamman wurin duwatsu da ginshiƙan gada. Idan suna da yawa, ƙas-ƙas ɗinsu yana rufe ƙarar iska gaba ɗaya daga wajen 2,000 Hz zuwa sama. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Twente ta Holan suka ɗauki hotonsa da kyamara mai tsananin sauri, suka ga ashe shi ma kumfa yake harbawa, fashewarta ce ake ji.

Wannan ilimin yana da amfani fiye da cin jarrabawa. Tun da ƙarar tana bin iska sau da ƙafa, ana juya lissafin a gano gudun iska daga sautin 8,000 Hz, da na'urar da ke kwance a ƙasan teku inda guguwa ba za ta karya ta ba. Ana kuma amfani da ƙarar igiyoyin a matsayin sautin kyauta wajen gano zurfin ruwa da irin shimfiɗun da ke ƙarƙashin ƙasansa, ba tare da an harba wani sauti da zai dami dabbobi ba. Abin da ya fi damuna ni dai shi ne halittun. Kifaye da yawa da gurnani suke kiran juna lokacin haihuwa, wasu dabbobin ruwa masu shayarwa kuma da sauti suke farauta. Sun saba da hayaniyar iska tun asali, tana zuwa tana wucewa. Ta jirage da haƙar mai da kafa turaku a ƙasan teku kuwa ƙari ce a kan wannan. Ba za ka iya cewa ɗan Adam ya ƙara kaza ba sai ka san abin da iska ke bayarwa ita kaɗai a wannan wurin. Tarayyar Turai ta sa hayaniyar ƙarƙashin ruwa cikin dokar kare tekunanta ta 2008, ana bibiyar sautukan 63 da 125 Hz, kuma a Tekun Baltik da Tekun Arewa, waɗanda duka marasa zurfi ne, sai da aka ware rabon iska kafin a iya nuna rabon jirage.

Ga abin da zan ba ku shawara. Ku riƙa rubuta gudun iska da inda ta fito a kowane lokaci da kuke ɗaukar sauti, ku daidaita ma'aunin zuwa tsayin mita 10 daga fuskar ruwa kamar yadda aka saba, domin a iya kwatanta naku da na wasu. Ku rubuta cikar teku da janyewarta, domin a ruwan mita 20 ko sauyin mita ɗaya yana taɓa lissafi. Ku auna ɗumin ruwa daga sama zuwa ƙasa: idan saman ya fi ɗumi sauti yana lanƙwasawa ƙasa ya yawaita bugun taɓo ko yashi. Ku cire sa'o'in da jirgi ya wuce da waɗanda aka yi ruwan sama, sannan ku zana abin da ya rage a 8,000 Hz a kan gudun iska, kowane wuri da nasa zanen. Idan layukan biyu sun hau tare amma ɗaya yana sama da ɗaya, mai yiwuwa ƙasan teku ne ya raba su. Idan ɗaya ya kwanta bai damu da iska ba, ku sa abin sauraro a kunne ku nemi ƙas-ƙas ɗin jatan lande. Kuma ku bar na'urar a ruwa ta ga damina ta ga hunturu kafin ku rubuta sakamako.