Mai Yawo Yana da Gida? Bayani a Kan "Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi"

Wani mai karatu da sana'arsa ba ta barinsa ya yi wata uku a gari ɗaya ya ce dangi kan jefe shi da wannan karin magana, yana tambaya ko ma'anarta ita ce matafiyi ba shi da gida.

Malam, ba haka take nufi ba. Nauyin maganar yana kan kalmar "bari", kuma bari ba tafiya ba ne. Wanda ya bar gida shi ne wanda ya yanke: ba aike, ba gaisuwa, ba a ganinsa a suna ko ta'aziyya. Ranar da ya dawo sai ya tarar an raba gado, an aurar da 'ya'ya, ba wanda ya nemi shawararsa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, sayen goro sukan yi watanni a hanya, amma ba a ce sun bar gida.

Hausa ma ta tanadi suna ga kowane irin zama. Zango wurin da ayari ke sauke kaya ne ya kwana, shi ya sa ake cewa "yada zango". Wasu zangunan sun kafu har sun zama unguwanni, kamar na Kumasi da Accra a Ghana. Masauki ya fi zango kusanci, domin akwai mai gida da ya san ka, wanda fatake ke kira fatoma, shi ke ajiye maka kaya ya tsaya maka a ciniki. Mashekari kuwa daga "shekara" aka samo shi, wato inda makiyayi ke daɗewa da garkensa, sai mazauni, inda aka tare. Dubi ƙirar masauki, mashekari da mazauni: ma- a farko, -i a ƙarshe, a nan sunan wuri ke nan. A kula da "makiyaya", rubutu ɗaya ne amma karin sauti ke raba masu kiwo da wurin kiwo.

Kuskuren da masu yawo suka fi yi shi ne mai da ko'ina zango. Wanda kullum sabon wuri yake sauka ya zama baƙo na dindindin, kuma Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Gara ka riƙe masauki ɗaya a kowane garin da kake ratsawa, ka riƙa komawa gare shi, domin da ɗan gari akan ci gari. Sannan ka tsayar da lokacin zuwa gida da kowa ya sani, ko da sallah ce kawai, kamar yadda ɗan ci-rani ke komawa kafin shuka.