Hukuncin matashin da ciwon gwiwa ya hana shi sujada

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni matashi ne a Aboabo, Kumasi, ina buga ƙwallo. Gwiwata ta dama tana kumbura, ina iya tsayuwa amma durƙuso ya gagara. An ce mini amosanin gaɓɓai ne. Ya halatta in yi salla a kujera?

Amsa: Ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Asalin mas'alar hadisin Imrana ɗan Husaini ne a Bukhari, inda Annabi (SAW) ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Malamai suka fitar da ƙa'ida: abin da ya gagara shi kaɗai ke faɗuwa. Tunda kana iya tsayuwa, wajibi ne a farilla ka yi kabbarar harama da Fatiha a tsaye, ka yi ruku'u, sannan ka zauna ka yi nuni da sujada, ka sunkuya sosai. Kada ka ɗago wani abu zuwa goshinka. Wanda ya zauna tun daga kabbara alhali yana iya tsayuwa ya bar rukuni.

Kafin kujera, gwada zama a ƙasa ka miƙe ƙafar. In goshinka zai kai ƙasa a haka ba tare da cutuwa ba, shi za ka yi, domin siffar zama ba farilla ba ce, sujada kuwa farilla ce. Robar da ake ɗaure gwiwa da ita ba ta shafi alwala ba, amma a wankan janaba sai ka cire ta.

Wasu za su ce mai gudu a fili ba shi da uzuri. Ban yarda ba, don lanƙwasa gwiwa har ƙarshe ya fi gudu matse ta. Sai dai in ƙwallon ce ke tayar da kumburin, dakatar da ita ya zama dole har likita ya duba ka.

Batun "an ce mini" kuwa, ba a gina hukunci a kansa. A shekarunka sau da yawa jijiya ce ko guringuntsi ya yage, musamman in gwiwar tana maƙalewa ko tana sulluɓewa. Sandarewar safe da ta wuce minti 30, ko ciwo a gaɓɓai da dama, su ke sa a yi gwajin jini. Fara da asibitin unguwa, in da buƙata su tura ka babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi. In gwiwar ta yi zafi da kumburi ga zazzaɓi, ka tafi a ranar, ko da kuwa kai mai sikila ne da ya saba da ciwon ƙashi.

Kafin nan, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar. Yawan shan magungunan rage ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen, balle da azumi a cikin da babu abinci, yana jawo gyambon ciki da lalata ƙoda. Tramadol kuma ba da takardar likita ba, bai halatta gare ka ba. Wallahu a'alam.