Za a sa wa ɗana barci don a gyara masa haƙora: in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da shekara uku da rabi. Haƙoransa huɗu na gaba sun ruɓe, turame biyu sun yi rami, ba ya barci da dare saboda ciwo. Mun kai shi wurin likitan haƙori, ya ƙi buɗe baki. An ce sai an sa masa barci a ɗakin tiyata. Kakarsa ta ce a bari, ai haƙoran nan za su zube. Ni kuma tsorona kada maganin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ko ya ƙi farkawa. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Maganar kakarsa tana da gaskiya a wani ɓangare: haƙoran gaba kan fara famfara wajen shekara 6. Amma turamen yarinta sai tsakanin shekara 9 zuwa 12 suke fita. Turmin da ya riga ya hana yaro barci ba zai jira shekara shida ba; mugunya ce za ta taru, kunci ya kumbura, har ta iya lalata haƙorin girma da ke kwance a ƙarƙashinsa.

Duk da haka ki fara tambayar likitan ko akwai hanya mafi sauƙi. Ƙaramin ramin da bai kai jijiya ba, akwai wani ruwan magani mai sinadarin azurfa da fuloraid da ake shafawa ya tsayar da ruɓewar, sai dai wurin yana komawa baƙi. Akwai kuma cikon da ake yi da kayan hannu ba tare da injin haƙa ba. Idan ciwon ya kai jijiya, haƙoran da yawa, yaron kuma bai isa ya zauna a kujera ba, to barcin ya fi a danne shi yana ihu. A zama ɗaya, galibi awa ɗaya zuwa biyu, ake cire na cirewa, a cike na cikewa, a sa wa turame hular ƙarfe.

Batun ƙwaƙwalwa: a watan Disamba na 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan barcin da ya wuce awa uku, ko wanda ake maimaitawa, ga yara 'yan ƙasa da shekara uku. Binciken da aka yi a kan jarirai ya nuna cewa barci sau ɗaya na ƙasa da awa ɗaya bai rage musu basira ba sa'ad da suka kai shekara biyar. Shi ya sa muke son a gama aikin gaba ɗaya a yi sau ɗaya.

Inda muka fi sa ido shi ne numfashi, kuma a nan ne rabin aikin yake hannunki. Yaron da aka sa wa barci ba ya iya tari. In akwai abinci a cikinsa, zai iya dawowa ya gangara huhu. Saboda haka: babu abinci, babu madara, koko, kunu ko fura awa shida kafin aikin, nonon uwa awa huɗu, ruwa zalla awa biyu, sai in likitan barci ya ba ki wani lokaci dabam. Abinci mai maiƙo ko nama yana buƙatar awa takwas. Sau da yawa wani a gida ne tausayi kan kama shi, ya ba yaro biskit a ɓoye. Don Allah ki sanar da kowa, kuma in hakan ta faru ki faɗa. Ɗage aiki ba komai ba ne.

Haka nan mura. Yaro mai tari, majina ko zazzaɓi, maƙoshinsa kan iya shaƙewa ya rufe lokacin barci ko farkawa. Akan ɗage aikin mako biyu zuwa huɗu. Ki kuma faɗa musu idan yana da asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, yawan minshari, ko ana ba shi maganin gargajiya, ko an taɓa samun wanda barcin tiyata ya ba matsala a dangi. Gwajin sikila wajibi ne a wurinmu: mai sikila yana buƙatar ƙarin ruwa, ɗumi da iskar oksijin, wani lokaci har ƙarin jini kafin a fara.

A ranar, za a ɗora masa abin shaƙa a hanci da baki, cikin minti ɗaya ko biyu ya yi barci, sannan a sa masa allurar jijiya da bututun numfashi, galibi ta hanci, a toshe maƙogwaro da auduga don kada jini ya wuce. Ki tambaya ba kunya: shin akwai likitan barci dabam da mai gyaran haƙorin, wanda aikinsa kawai kula da numfashin yaro? Akwai oksijin da na'urar auna shi a yatsa? Akwai ɗakin farfaɗowa da ma'aikaciyar jinya? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, kada ki yarda. Ki nemi a tura ku asibitin koyarwa, irin na Shika da ke kusa da ke ko na Malam Aminu Kano.

Bayan ya farka zai iya yin kuka da fizge-fizge na ɗan lokaci, ko amai, ko ɗan haɓo. Ki fara da ruwa kaɗan-kaɗan, sai abinci mai laushi. Farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa, duk bayan awa shida. Ban da asfirin da kodin. Ki kwantar da shi a gefe, ki lura kada ya ciji leɓensa da allurar kashe zafi ta sa ba ya jin sa. Numfashi mai ƙara, leɓe ya yi shuɗi, jinin da ya ƙi tsayawa ko barcin da ba ya tashi in an tashe shi, ku koma asibiti nan take.

Daga nan a daina kwana da fida mai shayi ko madara mai sukari a baki. A goge masa haƙora safe da dare da man goge baki mai fuloraid, gwargwadon ƙaramar ƙwayar wake, ke da kanki, kuma ku koma a duba shi bayan wata uku.